Nawa Ka Samu? Sharhi a Kan Jarrabawar Lissafi ta Birbe

Ya kai mai karatu, in farkon damina ya same ka a Matamaye, lokacin da ƴan turaziyam, wato ƴan aji na huɗu na kwaleji, suke zaman jarrabawar birbe, ka tambayi ranar da za a yi lissafi. Ka je ka sami inuwa kusa da ƙofar makarantar da ake yi. Ba za a bar ka ka shiga ba, kuma ba ka da bukatar shiga. Abin da nake so ka gani a waje yake faruwa.

Da an buga ƙarfen tashi sai ka ga yara sun ɓarko, kowa riƙe da takardar tambayoyi da ƴar takardar da ya yi gwaji a kanta. Ba mai neman ruwa, ba mai neman mai ƙosai. Sai su rarrabu gungu-gungu, maza nan, mata can, kowane gungu ya kewaye wanda aka san ya fi iya lissafi a aji, sai ka ce mai rabon zakka. Tambaya ɗaya ce take yawo: "Nawa ka samu?" "Ke nawa kika samu a ta biyu?" In gwanin ya ce 50, waɗanda suka sami 50 su yi tsalle su tafa. Wanda ya sami 2500 ya koma gefe ya dafa kai. Wata kuwa ta durƙusa tana zana alwatika a kan rairayi da tsinke, tana rantsuwa ita ce da gaskiya.

Manya suna wucewa su ce surutun yara ne, ihu bayan hari. Ni kuwa a ganina, wanda yake so ya san darajar takardar jarrabawar nan, da darajar karatun shekara huɗu da ya kawo yara gare ta, nan ya kamata ya kasa kunne. Takardar jarrabawa ita ma rubutu ce. Wani ne ya zauna ya tsara ta, ya zaɓi kalmominta, kamar yadda mai littafi yake yi. Tun da ana sharhin littattafai da wasannin kwaikwayo, ban ga abin da zai hana a yi sharhin rubutun da ya fi kowanne yanke wa ƴaƴanmu hukunci ba.

Abin da kunnenka zai fara kamawa shi ne harshe. Wajen sa'a biyu suka yi a ɗaki suna kokawa da Faransanci. Suna ƙetare ƙofa sai lissafin ya juye Hausa. Wannan yana cewa, "Kai, ba haka ba ne, cewa aka yi a rage masa kuɗin, kai kuma sai ka ƙara." Wancan ya buɗe baki ya ce, "Au! Ashe abin da ake nufi ke nan?" To, wannan "Au" ɗin ka riƙe ta. Yaron da ya faɗe ta ba lissafi ne ya kayar da shi ba.

Bari in ƙaga maka misali irin na tambayoyin da akan yi. A ce wani ɗan kasuwa yana sayar da kaya sefa 7500, sai ya yi wa mai saye abin da Faransanci yake kira "remise" na kashi 20 cikin 100. Nawa mai saye zai biya? Yara uku sun fito. Na farko ya sami 6000, na biyu 1500, na uku 9000. Duba da kyau, duk su ukun sun gano cewa kashi 20 cikin 100 na 7500 shi ne 1500, wato wurin da lissafin yake da ɗan wuya duk sun haye. Na biyu ya tsaya nan don bai gane abin da jimlar ƙarshe take nema ba. Na uku bai san kalmar ba, ya dube ta ya ga ta yi kama da wadda take nufin mayar da abu, sai ya ƙara. Da za ka tare shi a kasuwa ka ce, "Kaya jika bakwai da rabi, an yi maka ragin ɗaya cikin biyar, nawa za ka ba da?" kafin ka rufe baki ya ce maka jika shida. Amma a takarda ya faɗi, a gida kuma za a ce kansa ba ya ja.

Kansa kuwa yana ja. Yaron Matamaye tun bai shiga lakwal ba yake zaune cikin lissafi mai hawa biyu. Kuɗin da ke hannunsa an rubuta 100 a jikinsa, shi kuwa dala ashirin yake ce masa. An rubuta 500, ya ce dala ɗari. Kullum yana rabawa da biyar yana ninkawa da biyar, bai ma san yana yi ba. Ƴar tallar da take yawo da faranti a tasha tana ba da canji ba ta taɓa riƙe bik ba. Wanda gidansu yake wajen Ɗan Barto, kusa da iyaka, ga naira ga sefa, kuma farashin canjin ba ya zama wuri ɗaya, amma da wuya ka cuce shi. A fadamun Dungu ana cinikin rake, a gona ana fid da dami ɗaya cikin goma na zakka, a zaure malam yana raba gado, wannan sumuni, wannan sudusi, waɗannan sulusi biyu. Duk abin da littafin kwaleji yake kira da sunaye masu ban tsoro, rabinsa yana yawo a garin nan da ƙafarsa. Yaro ya shiga aji kuma a ce ya ajiye wannan duka a bakin ƙofa, ya koyi cewa casa'in da bakwai sunanta huɗu sau ashirin da goma sha bakwai, don haka Bafaranshe yake ƙirga ta.

Dattawan ƙasar nan suna iya ba ka shaida. Cikin shekarun 1960, da hukumar UNCC ta fara miƙa wa manoma kasuwannin gyaɗa a ƙasar Magariya da Matamaye, ƙauyawa ne suka riƙa fid da masu awo da masu rubutu daga cikinsu. Mutanen da ba su taɓa zama a benci ba suka koyi karanta sikeli da riƙe littafin ciniki, kuma da Hausa aka koya musu. Ba a jira sai sun iya Faransanci ba, don gyaɗa ba ta jira.

Maganar ba sabuwa ba ce, kuma ba baƙo ne ya kawo ta ba. Abdu Mumuni, mutumin Tasawa, wanda aka haifa a 1929, masanin kimiyyar da jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya fitar da littafi a kan ilimi a Afirka tun 1964, inda ya nace a koyar da yara da harsunansu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa, a nan Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. A watan Maris na 2025 kuma sabon kundin mulki ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan daga gwajin Damagaram. Gwajin da ya yi shekara hamsin, jama'a, ai ya isa a ce an ga abin da ke cikin tukunya.

An kuwa gani. Akwai wani awo da ake kira PASEC, wanda ake yi wa ƴan makarantun firamare na ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. A na 2014, cikin ƙasashe goma, Nijar ce ta zo ƙarshe: cikin yara goma da suke gab da gama firamare, ko ɗaya cikakke bai kai matakin da ake nema a lissafi ba. A na 2019 an ɗan ɗaga, aka sami sama kaɗan da ɗaya cikin biyar. Ƙasar da ta zo kan gaba a lissafi a 2014 kuwa ita ce Burundi, ƙasa matalauciya kamar tamu, inda yaro yake fara karatu da Kirundi, harshen da uwarsa take yi masa magana da shi. Yaran da aka auna a 2014 irinsu ne suka hau kwaleji suka iso birbe bayan ƴan shekaru. A 2021, cikin ɗalibai biyar da suka zauna birbe a ƙasar nan, wajen ɗaya ne ya ci.

Kada ka ce na ɗora wa Faransanci laifin duniya. Akwai masu cewa da an juya komai Hausa shi ke nan kowa ya zama gwani, ni ba na cikinsu. Ƙa'idar Talas ko da Hausar Damagaram aka faɗe ta sai an zauna an yi gumi. Baƙon harshe kuma bai hana wasu ba. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rubuta littafi a 1732 a kan yadda ake jera lambobi cikin gidajen hatimi har kowane layi ya ba da jimla ɗaya, da Larabci ya rubuta, a Alƙahira kuma ya rasu a 1741. Shi kansa Abdu Mumuni da Faransanci ya yi karatunsa har ya gagara. Sai dai jarrabawar da dubban yara suke zama ba don mutum biyu ake tsara ta ba. Ga kuma sauran ciwo da kowa ya sani: ajin zana da ba a kafa shi sai an gama girbi, malamin kwantaragi da albashinsa yake makara, yajin aiki, littafi ɗaya a hannun yara da yawa. Sau da yawa yaro yakan tarar da tambaya a kan babin da ba a kai ba. Wannan ko da wane harshe aka tambaye shi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma duk waɗannan sai da kuɗi da shekaru ake gyara su. Kalmar da mai tsara tambaya ya zaɓa kuwa ba ta cin ko dala. In ya rubuta jimla mai hawa uku, mai kalmomin ofis, inda gajeruwa biyu za su isa, to ya sani Faransanci yake aunawa, alhali Faransanci yana da tasa jarrabawar daban, da nasa maki. Yaro ɗaya ya biya haraji sau biyu a kan kaya ɗaya. Ɗan ma'aikaci da ake jin Faransanci a gidansu ya wuce, ɗan manomi na Kurni ko Tsauni da bai taɓa jin sa ba sai a bakin mushe ya tsaya yana sosa ƙeya. A rubuce an ce tambaya ɗaya aka yi musu.

Yanzu mu koma ga tambayar nan tasu, "Nawa ka samu?" A nan kuma yaran ne nake da magana da su, ko in ce da waɗanda suka koya musu. Ka lura ba mai cewa "Yaya ka yi?" Lamba kawai ake tambaya, kamar masu caca. Alhali mai gyaran takarda ba haka yake aiki ba. Yana da tsarin rabon maki a gabansa, kuma kowane mataki da nasa rabo. Ɗauki yaran nan na farko, mai 50 da mai 2500. A ce fili ne mai tsawon mita 40 da faɗin mita 30, aka ce a nemo tsawon igiyar da za ta ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa. Mai 2500 ya faɗi ƙa'idar Fitagor, ya ninka 30 da kanta ya sami 900, ya ninka 40 da kanta ya sami 1600, ya haɗa, sai ya manta matakin ƙarshe, wato neman lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 2500. Wannan yaron ya kwashe yawancin makin. Cikin masu tsalle kuwa akwai wanda ya leƙo 50 a takardar maƙwabcinsa ya rubuta ta tsirara, ba hanya ba dalili. Shi ba abin da zai samu sai ɗan abin da ba a rasa ba. To ka ga mai kuka ya fi mai dariya, kuma ba wanda ya sani cikinsu. Mai kukan zai tafi masauki da ciwon kai, ya kasa cin tuwo, ya shiga jarrabawa ta gaba da rabin hankali.

Wa ya koya musu haka? Shekara da shekaru ana rubuta gyara a tablo suna kwafewa cikin kaye, ana ja wa amsa layi biyu da jan alli. Wanda ya zo da wata hanya daban, ko da daidai ce, a ce ba haka mushe ya yi ba. Yanzu kuma ga waya. Kafin yara su kai gida an fara tura musu amsoshi ta WhatsApp, ba a san wanda ya yi su ba, wani lokaci ma da kuskure a ciki, amma da yake daga waya suka fito sai a gaskata su a ƙaryata kai. (Magini kuwa, in zai fid da kusurwar ɗaki, yakan auna 60 nan, 80 can, ya ga ko tsakaninsu ya ba da 100. Fitagor ke nan tsaye da cebur a hannu, bai kuma taɓa tambayar kowa nawa ya samu ba. Ya san dalilin, bango kuma ya shaida.)

In ka ga tsoron ya yi yawa a fuskokinsu kada ka yi dariya. Makin lissafi ninka shi ake yi wajen haɗa jimla, saboda haka faɗuwa a cikinsa tana jan sauran darussa ƙasa. Ana neman 10 cikin 20. Wanda ya kusa, a ba shi zagaye na biyu. Wanda ya yi nisa sai baɗi, in ana iya jira. Da yawa daga cikinsu ƴan ƙauye ne da aka ajiye a gidan wani a cikin gari shekara huɗu, uba yana aiko da tiyar hatsi, uwa tana sayar da akuya a sayi kaye. Ƙasar Kance ta cika da jama'a, gona kullum ƙara tsukewa take yi in an raba gado. Yaron da ya faɗi ya san hanyoyin da suka rage masa: Kano, ko Agadas, ko gaba da nan. Mutanen yankin nan ba su manta da watan Oktoba na 2013 ba, da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da ƙananan yara, da yawansu kuma ƴan ƙasar Kance. Yarinya kuwa ta fi kowa sanin abin da ke jiran ta. Akwai dokar 2017 da ta ce a tallafi karatun ƴa mace har ta kai shekara 16, amma ƴar turaziyam ta kai ko ta kusa, kuma tun bara ake zuwa gaisuwa gidansu. Wadda ka ga tana zane a kan rairayi tana rantsuwa, ba a kan alwatika take faɗa ba.

Wani abin takaici, wannan rabin sa'a ta bakin ƙofa ita ce darasin lissafi mafi kyau da wasunsu suka samu a shekarar. Dube su: ba mai barci, ba mai jin kunyar tambaya, kowa yana kare hanyarsa da hujja, wanda ya gane yana fassara wa wanda bai gane ba, da harshen da duk suke mafarki da shi. Abin da ake so aji ya zama ke nan. Sai ga shi ba ya faruwa sai ranar da aikin gama ya gama. Malamai da yawa sun san haka, shi ya sa in sun ga aji ya yi tsit sukan saci jiki su yi bayani da Hausa, su koma Faransanci kafin wani babba ya leƙo. Me ya sa abin da yake aiki zai zama abin sata? Malamin da ya ba da aiki ranar Litinin, ya bar yara su yi gardamarsa ranar Talata, su uku-uku ko huɗu-huɗu, da harshen da suka ga dama, sa'an nan kowa ya rubuta da Faransanci, bai karya dokar kowa ba. Sharaɗi ɗaya zai kafa musu, kada wanda ya faɗi lambar da ya samu sai ya gama faɗin hanyar da ya bi.

Masu tsara tambayoyi kuma ga abin da nake roƙon su. Kafin a rufe takarda a ambulan, a karanta kowace jimla a tambayi kai, shin ɗan ƙauyen da ya iya lissafin nan zai gane abin da ake nema? In akwai kalmar da za ta iya kayar da shi, a sauya ta, ko a yi mata bayani a gefe. In kuma da gaske ake maganar harsunan ƙasa, a gwada buga tambayar da harshe biyu, Faransanci a sama, harshen yankin a ƙasa, yaro ya amsa da Faransanci yadda aka saba. Na ce harshen yankin, don ɗan Doso da ɗan Difa da ɗan Agadas su ma suna da tasu "Au", da Zabarmanci da Barbarci da Tamajak, kuma bai kamata a cire wa ɗan Matamaye ƙaya a soka musu ba.

Za a ce ina kalmomin? Yaya za a ce "racine carrée" da Hausa? Wannan aikin hukumar INDRAP ne da ke Yamai, wadda ta daɗe tana shirya littattafan makaranta har da na harsunan ƙasa, tare da malaman jami'ar Damagaram da takwarorinsu na Kano da Zariya da suka riga suka taɓa irin wannan aiki. Ba dole ne a ƙaga wa kowace kalma sabon suna ba. Hausa ta ari sumuni da sudusi daga Larabci ta riƙe, ta ari bik da kaye daga Faransanci ba wanda ya mutu. In yara sun saba cewa "rasin", a bar musu rasin. Abin da ke kayar da su ƙananan kalmomi ne masu ba da umurni, irin su "en déduire", wadda ba ta nufin komai illa "ka yi amfani da abin da ka samu a sama ka fid da wannan". Irin waɗannan ba su da yawa. Shafi biyu sun ishe su, kuma ana iya raba shafin tun ranar da yaro ya shiga siziyam.